Idan kwamfuta ta ƙi tashi bayan an kwafe tsohon faifai bisa sabo

Gabatarwa

A yau ƙungiyoyi da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna ajiye lissafinsu cikin kwamfuta: sunayen mambobi, kuɗin asusu, hatsin da ya shiga bankin cimaka da wanda ya fita. Idan kwamfutar ta tsufa ta yi nauyi, mai gyara yakan ba da shawara a canja mata faifan ajiya. Sai a kwafe duk abin da ke cikin tsohon faifai bisa sabo. Wata rana kuma, bayan an gama wannan aiki, a kunna kwamfuta ta ƙi tashi. Allo ya yi baƙi, ko ya yi shuɗi, ga wani rubutu da ba a gane ba.

A irin wannan lokaci hankali yakan tashi, musamman ga wanda aka damƙa wa amanar lissafin jama'a. To, ku kwantar da hankalinku. Galibi takardunku suna nan, ba su ɓata ba. Kwamfuta ce ta kasa gane hanyar da za ta bi ta isa wurinsu. Muddin ba a goge tsohon faifai ba, ba ku yi asarar komi ba. Wannan darasi zai nuna muku dalilin matsalar da matakan gyara, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Kalmomin da za mu yi amfani da su

Faifan ajiya: shi ne rumbun kwamfuta, masu gyara suna ce masa diski. Akwai tsohon iri mai juyawa a ciki. Akwai sabon iri da ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi cikinsa, kuma ya fi sauri ƙwarai.

Kwafin sukutum: shi ne a kwafe faifai gaba ɗaya bisa wani, har da Windows da manhajoji da takardu. Ya bambanta da kwafin takarda ɗaya ko biyu.

Sashe: ana raba faifai kashi-kashi, kamar yadda ake raba gida ɗaki-ɗaki. Kowane kashi sashe ne. Wasu sassan a ɓoye suke, ba ku ganinsu lokacin da kuke aiki.

BIOS: ƴar manhaja ce da ke zaune cikin jikin kwamfuta, ba cikin faifai ba. Ita ce ke fara aiki da zarar an kunna. Sabon salonta ana kiransa UEFI.

Kile: ɗan abin ajiya da ake sokawa a ramin USB.

Yadda kwamfuta take tashi

Ku ɗauki faifai kamar gida. Windows shi ne maigida, yana zaune cikin babban ɗaki. A bakin gidan akwai zaure, wato wani ƙaramin sashe ɓoyayye. Cikin zauren akwai ƴar takarda da ke faɗin ɗakin da maigida yake. Sunan wannan takarda BCD.

Idan kun kunna kwamfuta, BIOS tana yin abu uku. Tana duba gidajen da ke akwai, wato faifan da aka haɗa. Tana shiga zauren gidan da aka ce ta fara da shi. A nan ake karanta takardar, a je a tayar da Windows.

Kwafin sukutum kamar ƙaura ce zuwa sabon gida. Bayan ƙaura, abu huɗu suna iya faruwa:

1. BIOS ba ta ga sabon gidan ba, ko tana ci gaba da zuwa tsohon.
2. An kwashe kayan babban ɗaki, amma an manta da zaure.
3. Zaure yana nan, amma takardar da ke ciki tana nuna adireshin tsohon gida.
4. An isa wurin Windows, amma shi bai saba da irin sabon faifan ba.

A duk waɗannan halaye huɗu, kayan da ke cikin ɗaki ba su lalace ba.

Kafin ku taɓa komi

Na farko, kada ku goge tsohon faifai, kada ku sayar da shi, kada ku bari a sa masa wani abu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan duk gyara ya faskara, ana mayar da shi wurinsa, kwamfuta ta tashi kamar da.

Na biyu, idan allo ya tambaye ku ko a goge faifai, ko a sake girka Windows daga farko, kada ku amsa da i. Da Faransanci kalmomin haɗari su ne Formater da Supprimer.

Na uku, kafin ku buɗe jikin kwamfuta, ku kashe ta, ku cire wayar wuta, ku cire batir idan mai ciruwa ne. Ku taɓa wani ƙarfe da hannu kafin ku taɓa kayan ciki. Lokacin hunturu, iska busasshiya tana tara wata ƴar wuta a jikin mutum, wadda ke iya lalata ƙananan kayan lantarki.

Na huɗu, ku canja abu ɗaya kawai, ku gwada, sannan ku wuce ga na gaba. Ku ɗauki hoton allo da salula kafin kowane canji, don ku iya mayar da shi yadda yake.

Mataki na 1: ku karanta abin da allo ya rubuta

Saƙon da ke bisa allo shi ne ke nuna inda tafiya ta tsaya. Ku rubuta shi cikin littafi harafi bayan harafi.

Idan allo baƙi ne, an rubuta No bootable device, ko Operating system not found, ko Reboot and select proper boot device, to BIOS ce ba ta sami faifai ko zaure ba. Ku bi mataki na 2, na 3 da na 4.

Idan allo shuɗi ne, da lamba kamar 0xc000000e, 0xc000000f ko 0xc0000225, to an shiga zaure, amma takardar jagora ba ta kai ga Windows ba. Ku duba mataki na 2, sannan ku tafi mataki na 6.

Idan tambarin Windows ya fito, sannan aka rubuta INACCESSIBLE BOOT DEVICE, to Windows ya farka amma ya kasa karanta faifan. Wannan aikin mataki na 5 ne.

Mataki na 2: ku bar sabon faifai shi kaɗai

Kowane faifai yana da lambar shaida tasa. Kwafin sukutum yakan kwafe har wannan lamba. Idan aka bar faifan biyu a haɗe, sai su zama kamar mutum biyu masu katin shaida ɗaya. Windows yakan ajiye ɗaya gefe, kuma kwamfuta tana iya rikicewa wajen tashi.

Saboda haka ku cire tsohon faifai gaba ɗaya. Ku sa sabon a daidai wurin da tsohon yake, da wayar da tsohon ke amfani da ita. Idan an yi kwafin ne ta wayar USB, kada ku yi ƙoƙarin tayar da kwamfuta alhali sabon faifai yana waje. Windows na yau da kullum ba ya tashi ta wannan hanya. Sai an sa faifan cikin jikin kwamfuta.

Ku tabbata faifan ya zauna sosai. A kwamfutar tebur, faifan SATA yana buƙatar waya biyu: siririya ta bayanai da mai faɗi ta wuta. Ƙura ma tana hana haɗuwa, don haka ku share bakin ramin a hankali. Ku cire duk wani kile da katin ajiya, sannan ku kunna. Sau da yawa matsalar tana ƙarewa a nan.

Mataki na 3: ku duba ko BIOS ta ga faifan

Ana shiga BIOS ta hanyar danna wani maɓalli sau da yawa, da zarar an kunna. A kwamfutocin Dell da Acer galibi F2 ne. A HP, F10 ne. A Lenovo, F1 ko F2. A Asus, F2 ko maɓallin gogewa da aka rubuta wa Suppr ko Del.

Ku nemi sunan sabon faifai cikin jerin kayan da BIOS ta gani. Idan babu shi, matsalar ta haɗi ce: waya, ko rami, ko faifan kansa. Ku lura da wannan: ƙananan SSD masu kama da ɗan sanda, da ake kira M.2, iri biyu ne, SATA da NVMe. Sun yi kama da juna a ido, amma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba.

Idan sunan faifan ya fito, ku je shafin da aka rubuta wa Boot. A nan ne jerin abin da kwamfuta ke fara gwadawa. Ku kai Windows Boot Manager, ko sunan sabon faifai, bisa kan jeri. Ku adana canjin, ku fita. A kwamfutoci da yawa F10 ne ke adanawa.

Ku duba kwanan wata ma. Idan kullum kwanan watan BIOS yana komawa baya, to ɗan batirin da ke riƙe tsarinta ya mutu. Batir ne mai kama da kwabo, galibi mai lamba CR2032. Idan ya mutu, duk abin da kuka tsara yana gogewa bayan an cire wuta.

Mataki na 4: ku daidaita salon BIOS da tsarin faifai

Akwai hanya biyu ta tsara sassan faifai. Tsohuwar ana kiranta MBR. An fara amfani da ita a 1983. Tana ɗaukar manyan sassa 4 kawai, kuma galibi ba ta iya amfani da abin da ya wuce tera 2. Sabuwar ana kiranta GPT. A Windows tana ɗaukar sassa har 128, da faifai masu girma sosai.

Ƙa'idar Windows ita ce: faifan MBR yana tashi da tsohon salon BIOS, wanda ake rubutawa Legacy ko CSM. Faifan GPT yana tashi da salon UEFI. Idan aka haɗa su a karkace, kwamfuta ba ta tashi, ko da kwafin ya yi kyau. Kamar makulli ne mai kyau da aka kai ƙofar da ba tasa ba.

Wannan yakan faru idan manhajar kwafi ta bar sabon faifai da wani tsari dabam da na tsohon. Cikin BIOS ku duba salon da aka zaɓa. Idan Legacy ne, ku gwada UEFI. Idan UEFI ne, ku gwada Legacy. Wani lokaci sai an kashe Secure Boot kafin Legacy ya bayyana. Idan gwajin bai yi ba, ku mayar da tsarin yadda kuka same shi.

Ku sani cewa Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana buƙatar UEFI. Sababbin kwamfutoci da yawa ma ba su da Legacy ko kaɗan. Tun 2017 Windows 10 yana ɗauke da wani kayan aiki mai suna mbr2gpt, wanda ke mayar da MBR zuwa GPT ba tare da goge takardu ba. Amma idan an yi, ba a komawa baya da shi. Ku bar wannan aiki ga wanda ya ƙware, kuma bisa sabon faifai kawai.

Mataki na 5: idan Windows ya kasa karanta faifan

Windows yana magana da kowane irin faifai ta wata ƴar manhaja da ake kira direba. Idan direban da ya dace bai tashi da wuri ba, sai Windows ya tsaya.

Abu na farko da za ku duba cikin BIOS shi ne salon SATA. Za ku ga AHCI, ko RAID, ko IDE a tsofaffin kwamfutoci. Dole ya kasance yadda yake lokacin da tsohon faifai ke aiki. Idan wani ya canja shi, ku mayar.

Abu na biyu ya shafi waɗanda suka tashi daga faifan SATA zuwa NVMe. Windows ɗin da aka kwafe bai saba tayar da direban NVMe da wuri ba. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a tayar da shi sau ɗaya cikin yanayin kariya, wanda Faransanci ke kira Mode sans échec. Idan Windows ya kasa tashi sau biyu ko uku a jere, yakan buɗe shafin gyara da kansa. Ku bi Dépannage, sannan Options avancées, sannan Paramètres, ku sake kunnawa, ku danna 4. Idan ya tashi cikin wannan yanayi, ku sake kunna kwamfuta yadda aka saba. Sau da yawa daga nan ta warke.

Mataki na 6: ku sake rubuta takardar jagora

Wannan mataki yana buƙatar kile na girka Windows. Ana shirya shi da wata kwamfuta mai lafiya, da intanet, da kile mai jiga 8 ko fiye. Shirya shi yana goge duk abin da ke cikin kilen, don haka ku yi amfani da wanda babu komi ciki.

Ku soka kilen, ku kunna, ku buɗe jerin zaɓin tashi: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. Ku zaɓi kilen. Kada ku danna Installer. Ku nemi inda aka rubuta Réparer, sannan Dépannage, sannan Outil de redémarrage système. Ku bar shi ya yi aikinsa. Idan ya gyara, an huta.

Idan bai gyara ba, ku koma ku zaɓi Invite de commandes. Baƙin allo zai buɗe inda ake rubuta umarni. Bayan kowane layi ku danna Entrée.

diskpart
list disk
list volume

Umarni na biyu yana nuna faifan da ke akwai. Idan akwai alamar tauraro ƙarƙashin GPT, faifanku GPT ne. Umarni na uku yana nuna sassa. Ku nemi guda biyu: babban sashe da Windows ke ciki, da ƙaramin sashe mai tsarin FAT32, wanda girmansa galibi mega 100 zuwa 260 ne. Wannan ƙaramin shi ne zaure. Ku lura da harafin babban sashe, domin a nan ba lalle ya zama C ba. Yana iya zama D ko E.

A misalinmu, lambar zauren 2 ce, harafin Windows kuma C. Ku sa lamba da harafin da kuka gani a naku allo.

select volume 2
assign letter=S
exit
bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Layi na ƙarshe shi ne ke rubuta sabuwar takardar jagora cikin zaure. Idan allo ya ce an yi nasara, ku cire kilen, ku sake kunnawa.

Idan faifan MBR ne, umarnin da ake amfani da su su ne waɗannan:

bootrec /fixmbr
bootrec /fixboot
bootrec /rebuildbcd

Abin lura: kada ku taɓa rubuta clean ko format cikin diskpart. Waɗannan suna share faifai ko sashe nan take. Haka kuma ku dubi abin da ke fitowa bisa allo. Kwamfutoci da yawa a ƙasarmu suna da maɓallan Faransanci, masu farawa da AZERTY. Idan kilen na Ingilishi ne, kuna iya danna A sai Q ta fito. Harafi ɗaya da ya kauce yana hana umarni aiki.

Mataki na 7: ku sake yin kwafin

Idan list volume bai nuna ƙaramin sashe ba sam, to babban ɗaki kawai aka kwafe, an bar zaure. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da tsohon faifai, a sake kwafi, a zaɓi faifai gaba ɗaya da dukan sassansa.

Akwai wasu dalilai da ke ɓata kwafi. Wuta tana iya ɗaukewa ana cikin aiki. Sabon faifai yana iya kasa tsohon girma: idan tsohon jiga 500 ne, sabon jiga 256, dole kayan da ke ciki su kasa jiga 256 sosai. Tsohon faifai kuma yana iya kasancewa da wuraren da suka lalace. Idan yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa abu, ko yana tsayawa, kada ku matsa masa. Ku fara kwashe muhimman takardu zuwa kile, sannan a girka sabon Windows bisa sabon faifai.

Idan an nemi lamba mai tsawo

Wasu kwamfutoci suna da kulle mai suna BitLocker, wanda ke hana ɓarawo karanta faifai. Bayan canjin faifai ko canjin tsarin BIOS, yana iya neman lambar buɗewa mai alƙaluma 48. Sau da yawa lambar tana ajiye cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko wurin ma'aikatar da ta ba da ita. Idan babu wannan lamba, mai gyara ma ba ya iya buɗe faifan. Ku neme ta, ku rubuta ta, tun kafin a fara kwafi.

Yaushe za ku je wurin mai gyara?

Matambayi ba ya ɓata. Ku nemi taimako idan BIOS ba ta ga faifai ba bayan kun gyara zamansa, ko tsohon faifai ma ya ƙi tashi, ko ba ku tabbata da sashen da za ku zaɓa ba. Ku tafi da littafin da kuka rubuta saƙon allo. Ku gaya masa a fili cewa ba ku yarda a goge tsohon faifai ba. Idan da hali, ku riƙe shi a hannunku. Ku tuna cewa sunaye da kuɗin mutane ne a ciki, amana ce.

Rigakafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kowane kwafi:

1. Ku ajiye muhimman takardu a wuri na biyu, kile ko wani faifai.
2. Ku shirya kilen gyara tun kwamfuta tana da lafiya.
3. Ku ɗauki hoton tsarin BIOS.
4. Ku dakatar da BitLocker, ku rubuta lambarsa.
5. Ku cika batir, ku zaɓi lokacin da wuta ta fi tsayawa.
6. Bayan kwafi, ku cire tsohon faifai kafin kunnawa ta farko.
7. Ku rubuta kwanan wata bisa tsohon faifai, ku ajiye shi nesa da zafi da ƙura da ruwa. Kada a goge shi sai sabon ya yi makonni yana aiki lafiya, kuma kun buɗe takardunku kun ga sun cika.

Ga masu amfani da Windows 10: kamfanin Microsoft ya daina ba shi kulawar yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Sabon faifai yana ƙara sauri, amma ba ya canja wannan. Ku tambayi mai gyara ko kwamfutarku tana iya ɗaukar Windows 11.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Mine ne aikin zaure cikin faifai?
2. Domi ake cire tsohon faifai kafin kunnawa ta farko?
3. Wane salon BIOS ne ke tafiya da GPT?
4. Waɗanne kalmomi ne ke nuna za a goge faifai?
5. A ƙungiyarku, a ina aka ajiye kwafi na biyu na lissafi, kuma wa ke riƙe da shi?